Ƙafar Lado

Mahaifina Malam Lado bai taɓa isa ko'ina da wuri ba, kuma ban taɓa jin ya ba kowa haƙuri a kan haka ba. Daga ƙofar gidanmu da ke saman layi zuwa gidan amininsa Baba Ubale da ke bakin kasuwar Ƙafin Maiyaki, tafiya ce da za ka aiki yaro da kunu ya kai shi da zafinsa. Amma Baba idan ya fita da hantsi, sai ladan ya fara gyaran murya don kiran azahar sannan za a ji ƙarar sandarsa a can.

Gwiwa tana da nata laifin, don ta tsufa tare da mai ita. Amma babban mai laifin dakali ne. A layinmu duk gidan da ya kalli hanya yana da dakali a jikin zaurensa, na ƙasa, ya sha yaɓe ya sha zama har ya yi sumul. Ba wanda ya taɓa cewa doka ce. Haka iyayenmu suka tarar, haka suka bar mana. Baba kuwa sai ya mai da su tashoshi. Ya fito ya ɗan taka, ya zauna a na Iya Barakatu mai daddawa, ta miƙo masa ɓarin goro ta gaya masa wadda ta haihu da wanda akuyarsa ta shiga gonar wani. Ya miƙe ya ƙara gaba, ya zauna a na Ghali tela su yi gardamar taki da ruwan sama, alhali Ghali ko gyaɗa bai taɓa shukawa ba. A tsakiyar layin gidan aurena yake, inda nake suyar waina a ƙofar gida. Nan ma sai ya zauna ya ci ya ƙoshi, sannan ya ce ta mahaifiyata ta fi laushi. Ni Safara'u, da jikokina, har yau ban yi wainar da ta ci jarrabawa a wurinsa ba.

Duk abin da ya tsinto a hanya Baba Ubale yake kai wa. Shi Baba Ubale idonsa ya mutu da jimawa, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin da ke jikin gidansa. Kullum za ka gan shi a zaure a kan tabarma, ya bar rabinta babu kowa, yana jiran rediyonsa ya iso, haka yake kiran mahaifina. Asalinsu daga ƙasar Zazzau kakanninsa suka zo, don haka tsakaninsa da Baba wasan Kanawa da Zage-zagi ne wanda ba ya ƙarewa. Da Baba ya yi sallama ya zauna, sai Baba Ubale ya ce:

"Bakano, miƙo ƙafa. Ku ba a karɓar kayanku sai an duba."

Sai ya lalubi ƙafar ya shafa, ya ji jar ƙasar hanya a tsakanin yatsu, ya ce to yanzu ya yarda shi ne. Daga nan a buɗe jakar labari.

Sai aka yi mana kwalta. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, ni har da guɗa. Motocin hatsi suka fara bi ta layinmu, baƙi suka yawaita, kowa ya farga ashe ƙofar gidansa dukiya ce. Ƙanena Ukasha, wanda yake sayar da kayan babur, shi ya fara. Wata safiya ya zo da magina, kafin la'asar dakalin gidanmu ya zama tarin ƙasa, bayan 'yan kwanaki ga shago na bulo da ƙofar ƙarfe har bakin kwalbati. Na ce masa:

"Ukasha, dakalin da aka yi maka askin suna a kansa ka rushe?"

Ya ce, "Haba Yaya, zamani ne. Ai Baba yana da kujera a ciki."

Ghali tela ya bi sahu. Wanzami ya bi. Maigidana ma, wanda na yi ta zaton yana da hankali, ya wayi gari ya fasa namu ya ba mai cajin waya haya. Na yi kwanaki ina zuba masa tuwo ba na cewa a ci lafiya, amma ko a jikinsa. Kafin damina ta zagayo, daga gidan Iya Barakatu har bakin kasuwa babu inda tsoho zai ɗora jikinsa. Ita kaɗai ta ƙi. Ta ce wanda yake son dakalinta ya jira ta mutu, kuma ba ta da niyyar yi masa sauri.

Baba kuwa bai fasa ba. Ya ci gaba da fita da hantsi kamar yadda ya saba. Sai ran nan ina tsakiyar suya wata maƙwabciya ta ce in leƙa sama da layi. Na leƙa. Ga mahaifina zaune a bakin kwalbati, ya tattare rigarsa a cinya don kada ta taɓa ruwan kwata, sandarsa a ƙasa, babura suna wuce shi suna busa masa hayaƙi. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa. Na bar tanda a kan wuta na ruga. Da ya gan ni sai ya gyara hula ya ce wai aikin kwalbatin yake dubawa, ya ga kamar ba su sa siminti sosai ba.

Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da na mai da shi gida na dawo na tarar wainata ta ƙone ƙurmus, sannan na yi mai isata.

Ukasha ba mugun yaro ba ne, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. Da ya ji abin da ya faru jikinsa ya yi sanyi, nan da nan ya samo dabara irin tasa. Ya yi magana da Uzairu mai acaɓa, mutumin kirki mai tuƙi a hankali, cewa kullum ya zo ya kai Baba ya kuma dawo da shi. Aka lallaba Baba ya hau. Na ga wucewarsu, ya rungume sanda a ƙirji, babbar riga tana kaɗawa, mutane suna ta ɗaga hannu suna "Barka da hantsi Baba," shi kuwa kafin ya buɗe baki an wuce gida uku. Iya Barakatu ta tsaya da ɓarin goro a hannu tana kallon bayansa.

Uzairu ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Baba Ubale ya ce a miƙo ƙafa, ya shafa, ya ji ta tas kamar yanzu aka yi alwala.

Ya ce, "Wannan ba Lado ba ne. Kaya aka sauke mini."

Aka yi dariya kaɗan. Sai ya ce, "To me ka kawo?"

Baba ya jujjuya sandarsa. Babu abin da ya kawo. Bai san wadda ta haihu ba, bai san nawa Ghali ya ce taki zai kai bana ba. Tsofaffi biyu da ba su taɓa rasa abin faɗa ba suka zauna jugum kamar masu zaman makoki. Da Uzairu ya dawo da shi, Baba ya sauka ya yi masa godiya sosai, sannan ya juya ga Ukasha a gaban kowa ya ce:

"Allah ya yi maka albarka. Amma ka saurare ni. A layin nan aka haife ni, da ƙafata na san shi. Ranar da za a sake ɗaukata a kansa, a makara ne."

Daga ranar bai sake wuce dakalin Iya Barakatu ba. Ya fito ya zauna, ya karɓi goronsa, ya yi ta kallon gangaren layi, ya koma gida. Abincinsa ya ragu. Har wainata ya daina kushewa, abin da ya fi komai tsorata ni. A can kuma aka ce Baba Ubale kullum sai ya sa an shimfiɗa tabarma, ya zauna a rabinta, ya kasa kunne.

Zuciya ta kawo mini iya wuya. Na yafa mayafi na nufi gidan mai unguwa Idris, na gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan na fara, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya bari na gama tsaf, don ya san ni tun ina talla.

Ya ce, "Safara'u, ke ce ta nawa da ta zo mini da kuka a kan layin nan, ban ma san adadi ba. Amma ke kin fi su murya. Ranar Asabar a taru."

Aka taru a ƙofar zaurensa, maza a kan tabarmi, mu dattawan mata daga gefe. Na zaci ni kaɗai ce mai ciwo, ashe kowa da nasa. Iya Barakatu ta ce maƙwabcinta ya yi rufin kwano ya juyo mata da bakinsa, duk ruwan da aka yi a jikin katangarta yake sauka, ga ƙasa nan tana zaizayewa. Khadija mai nono, wadda take takowa daga rugarsu tun da sassafe, ta ce yanzu ita da 'yan uwanta sun daina bi ta layin, don babu inda za su sauke ƙwarya su huta. Sai a lokacin maza suka gane dalilin da ya sa furarsu ta rana ta yi wuyar samu, wurin ya ɗauki gunaguni. Ghali tela da kansa ya ce tun da ya fasa dakalinsa shagon ya yi masa shiru, da mutane kan zauna hira su tuna suna da yadi a gida, yanzu sai dai su ɗaga masa hannu.

Masu shago kuma suka ce su fa ba za su rushe abin da suke ci da iyalinsu ba. Gaskiyarsu ce. Aka fara ɗaga murya.

Nan Shamsiyya ta nemi izini. 'Yar mai unguwa ce, ta yi karatun tsara gine-gine a Kano, ta zo hutu gida. Ta ce ba mu kaɗai ba ne, garuruwa da yawa sun tarar da kansu a haka, abin da suke yi shi ne su zauna su yarda da 'yan ƙa'idoji a kan tsohon tsakiyar garinsu.

Ta ce, "Ba wai a hana kowa shago ba ne. Cikin gidanka ka gina abin da ka ga dama. Amma gefen da ya kalli layi ba kai kaɗai kake rayuwa da shi ba, duk wanda yake wucewa yana da rabo a ciki. Idan kowa ya yi nasa shi kaɗai, ba wanda ya yi laifi, amma a ƙarshe sai mu duba mu ga layin ya tafi."

Aka yi ta ja ana saki har rana ta yi sanyi. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk mai gida ko shago a layin zai ja ƙofarsa baya kaɗan ya bar dakali. Ruwan kwanon kowa ya zuba a kwalbati, ba a bangon maƙwabci ba. Tsofaffin zaurukan da suka rage, masu azara da zane a goshi, ba a sake taɓa su sai an zauna da kwamitin unguwa. Ukasha ne ya fara miƙewa, idonsa ya yi ja, ya ce shi ya fara rushewa shi zai fara ginawa, kuma zai yi wa mahaifinsa dakalin da ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar Kiru ba. Aka yi masa kabbara. Ni ma na ji daɗi har raina. Da na san abin da maganar za ta haifa, da tun a nan na toshe masa baki.

Don kuwa an faɗi komai a taron nan, amma ba wanda ya faɗi tsayin dakali.

Mutanen layinmu ba a gasa da su. Ukasha ya ɗauko magini daga Tudun Wada, ya sayo tayil baƙi mai sheƙi. Ghali ya leƙo ya gani, ya ce shi ba zai zama na baya ba, ya ƙara bulo ɗaya a kan na Ukasha. Wanzami ya ƙara a kan na Ghali. Kowa da hujjarsa, wannan ya ce don ruwan kwalta kada ya hau, wancan ya ce don ranar kasuwa ya baza kaya a kai. Samarin da suke aikin suka riƙa gwadawa da kansu, su yi tsalle su ɗare, su ce ya yi daidai. Wani ya karkatar da saman nasa don ruwa ya riƙa gangarewa. Maigidana, Allah ya bar mini shi, ya kewaye namu da ƙarfe ya sa masa ƙofa da kwaɗo, wai saboda awaki. Shamsiyya ta koma Kano wurin aiki, babu mai cewa a tsaya. Layi ya yi kyau a ido, ban musa ba, sai ƙyalli yake kamar ɗakin amarya.

Aka sa ranar da Baba zai buɗe hanya. Shamsiyya ta dawo takanas. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya fito yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Mai unguwa a gefensa, jama'a a baya.

Ya tsaya gaban dakalin Ukasha. Dakali ya kawo masa ƙugu. Ya dube shi, ya dubi Ukasha, ya juya baya ya gwada zama, sai dai ya jingina. Ukasha da Uzairu suka matso za su kama shi ta hammata su ɗora.

Baba ya ce, "Kada wanda ya taɓa ni."

Suka ja da baya. Aka tsallake na Iya Barakatu don ana ɗokin sababbi, aka nufi na wani maƙwabci da ke gaba. Shi yana da ɗan sauƙi, Baba ya dafa sanda ya yi ta fama har ya hau, ƙafafunsa suna reto a sama kamar yaron da aka kai allura. Bai daɗe ba ya zabura, don tayil ɗin ya sha rana, ya ce wannan ai tandar Safara'u ce. Na gabansa shi ne mai gangare. Baba ya zauna, rigar shadda ta haɗu da santsin tayil, sai ga shi yana sulalowa a hankali a hankali, da hularsa da mutuncinsa, har ƙafarsa ta dira a ƙasa. Wani ya fashe da dariya, shi ke nan kowa ya saki. Ni kaina na yi har da riƙe ciki, hawaye yana zuba, ban san na dariya ne ko na takaici ba. Maigidana kuwa yana can ƙasa yana laluben aljihu, ya manta inda ya ajiye makullin dakali.

Baba ma ya yi dariyar. Amma da ya gama sai ya juya ya fuskanci gida, ya ce:

"Kun yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ku gaya wa Bazazzagin nan ya naɗe tabarmarsa."

Dariya ta ɗauke ɗif. Ukasha ya sunkuyar da kai. Muka bi bayan Baba, yana jan ƙafa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Da ya zo daidai gidan Iya Barakatu, ko dubawa bai yi ba, ya juya ya zauna a tsohon dakalin ƙasar nan da ba wanda ya kula da shi ranar. Ya sauke ajiyar zuciya. Tafin ƙafarsa duka biyu suka kwanta a ƙasa, bayansa ya sami bango, inuwar zaure ta rufe shi. Iya Barakatu ta miƙo masa goro. Da ya huta, ya dafa sanda ya miƙe shi kaɗai don ya gyara riga, ya sake zama.

Shamsiyya tana tsaye tana kallonsa. Can sai ta ce, "Wallahi ni na yi sakaci, na tafi ban faɗi awo ba." Ta zagaya ta zaro karan dawa daga dangar Iya, ta zo ta durƙusa a gabansa.

Ta ce, "Baba, don Allah ka ara mini ƙafarka."

Ya ce, "Wacce? Mai ciwon ko mai taya ta?"

Ta ce duk wadda ya fi ƙauna. Ya miƙo ta dama. Ta kafa karan a ƙasa kusa da dugadugansa, ta kai shi daidai lanƙwasar bayan gwiwa, ta karya a nan. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ɗan guntun kara da ko awaki ba za ka kora da shi ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga tsayin dakali."

Mai unguwa ya karɓa ya jujjuya shi ya ce, to daga yau duk mai gina dakali a layin nan sai ya zo ya ɗauki ƙafar Lado. Aka sake kwashewa da dariya, wannan karon har da Baba, wanda ya ce a dai riƙa dawo masa da ita da wuri don yana da wurin zuwa.

Ukasha bai jira gobe ba. Ya karɓi karan daga hannun mai unguwa, ya tuɓe rigarsa ta kwalliya, ya ɗauko guduma. Da hannunsa ya farfasa tayil ɗin da ya yi ta cika baki a kansa. Na tsaya ina kallonsa yana gumi, sai na tuna lokacin da nake goya shi a kan dakalin da ya rushe. Na koma gida na soya waina mai zafi na kai masa, na ce ya ci kada ya faɗi a ce ni na yi masa baki.

Sauran suka bi, kamar yadda suka bi shi a karon farko. Aka sauke bulo, aka cire tayil, aka yi wa saman yaɓen ƙasa da makuba don ba ya ɗaukar zafi, aka ɗan zazzago da rufi ya yi inuwa. Maigidana ya cire ƙarfensa ya yi wa kaji keji da shi. Karan ya yi ta yawo gida-gida har ya fara tsagewa, sai maƙeri ya buga irinsa na ƙarfe aka rataye a zauren mai unguwa. Daga baya har daga garin Ƙofa wani ya zo aronsa, wai su ma sun fara irin tamu rigimar. Matan ruga suka dawo da ƙorensu, furar rana ta dawo, maza suka riƙa yabon kansu kamar su suka kawo shawarar.

Karo na biyu ba a tara jama'a ba. Baba ya hana. Wata Laraba ce bayan an yi ruwa da asuba, ya fito da hantsi da tsohuwar rigarsa, ya zauna a dakalin ɗansa tukuna. Ya shafa shi, ya taka ƙasa da ƙafa biyu, ya ce da Ukasha:

"Wa ya gina maka wannan?"

Ukasha ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ya ɗan karkace." Sai ya ƙara gyara zama, ya daɗe a wurin fiye da ko'ina.

Ya wuce na Iya Barakatu ya karɓi goro da labari. Ya zauna a na Ghali suka tayar da gardamar da suka bari tun bara, daga inda ta tsaya. Da ya iso wurina na zuba masa waina a faranti. Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ce ta mahaifiyata ta fi laushi. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Na bar wa 'yata tanda na bi shi daga nesa, ina yi kamar gishiri zan sayo. Ya zauna a na wanzami, ya zauna a na mai magani, ya tsayar da Khadija mai nono ya tambaye ta shanu da ciyawa. Ladan ya fara taɓa lasifika lokacin da sandarsa ta buga dokin ƙofar Baba Ubale.

Tabarmar tana nan a shimfiɗe, ba wanda ya naɗe ta. Baba Ubale yana zaune a rabinsa, ya riga ya ɗago kai tun kafin a yi sallama. Baba ya zauna a ɗaya rabin yana haki. Na laɓe a bakin zaure.

Baba Ubale ya ce, "Bakano, miƙo ƙafa."

Baba ya zare takalmi ya miƙa. Hannun makahon ya lalubo ta, ya bi dugadugai, ya shiga tsakanin yatsu, ya ji danshin jar ƙasa ya manne a wurin. Ya murza ta a yatsunsa. Bai saki ƙafar ba. Ya riƙe ta da hannu biyu a kan cinyarsa, hawaye yana gangarowa daga idanun da suka daɗe ba su ga komai ba.

Baba ya ce, "To Bazazzagi, sakar mini kayana, unguwa guda ke awo da ita."

Baba Ubale ya share fuska da bakin riga, ya gyara zama, ya juyo da kunnensa mai kyau.

Ya ce, "Fara daga ƙofar gidanku. Kada ka tsallake mini ko gida ɗaya."